Dangwalin da Na Kai Cikin Ruwa

Da za a ba ni damar goge abu guda daga cikin abin da na aikata a duniya, ba zan yi dogon tunani ba. Wata magana ce da na faɗa da bakina a Riyad, ina tsaye a bakin wani tafkin siminti da sandar goge ƙasa a hannu, alhali babu wanda ya tambaye ni. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ita ta kashe wani jariri da bai cika wata guda a duniya ba, ta bar uwarsa tana yawo da gawarsa a ka har kwana uku. Ba ɗan mutum ba ne, kuma na daɗe ina lallashin kaina da hakan. Yanzu na tsufa, lallashin ya daina kama ni.

Ni mutumin wani ƙauye ne a kudancin Maraɗi. Mahaifina yana da shanu, ba masu yawa ba, amma sun isa yaro ya tashi ya san turke da tatsa. Karatuna bai yi nisa ba. Na zo Riyad ina magidanci, a hannun wani kafili, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, mai kamfanin shara da goge-goge, na sauka a unguwar Manfuha, mu shida a ɗaki ɗaya. Na share ofisoshi, na wanke bayin kantuna, sannan wata rana aka ce daga gobe wurin wasan yara za a riƙa kai ni.

Wurin yana can wajen gari, inda gine-gine suka ƙare rairayi ya karɓa. Akwai lilo, akwai motocin yara masu karo da juna, akwai masu sayar da alewar auduga. A ƙarshen filin kuma akwai wani katafaren zaure mai rufi da na'urar sanyi, da kujeru hawa-hawa sun kewaye tafkin siminti. An shafa wa tafkin shuɗin fenti. A bango an zana igiyar ruwa da itatuwan kwakwa da rana tana faɗuwa, don kada mai kallo ya tuna cewa a tsakiyar hamada yake. Ruwan kuwa na tanka ne. Gishirin da ke cikinsa ni nake ɗauko shi a kafaɗa, buhu-buhu, in farke in zazzage, a bi da maganin da ke sa ruwa ya yi garau yana kuma sa ido ya yi ja. Wannan shi ne tekun da aka yi wa bayin Allah guda uku da ke ciki. Tekun buhu.

Larabawa suna ce musu dulfin. Mu ma'aikata kifi muke cewa. Maza biyu ne da mace ɗaya, kowannensu ya fi dogon mutum tsayi, fatarsu sumul, launin toka. A tsakiyar kansu akwai wata ƙofa da suke shan iska da ita, ka ji “fuu” kamar an buɗe tukunyar da ke tafasa. Bakinsu kuma Allah Ya halicce shi a lanƙwashe sama, kamar mai murmushi. Wannan bakin shi ne jarin wurin gaba ɗaya. Mutum zai shigo da iyalinsa, ya kalle su ya ce, “Dubi yadda suke jin daɗi!” Ni na ga wannan bakin a kan mai ciwo, na gan shi a kan mai yunwa, daga baya na gan shi a kan gawa. Bai taɓa canjawa ba.

Aikina bayan shara shi ne kifin da suke ci. Da safe in narkar da shi daga ƙanƙara, in wanke, in cusa ƙwayoyin magani a cikin kumatunsa, in zuba a bokitai. Sai dai bokitin ba ya zuwa bakin ruwa sai lokacin wasa. Wannan ita ce doka ta farko da aka koya mini. Wanda ya koya mini ita wani Bature ne mai horar da su, dogo, mai usur rataye a wuya. A gaban jama'a yana durƙusawa ya sumbaci macen a goshi, ya ce da lasifika su iyalinsa ne. A bayan fage shi ne ke duba bokiti ya ce in rage, jiya sun ƙoshi sun yi masa nawa. Duk tsallen da mutane ke tafa wa, yunwa ce ke yin sa. Mai ƙoshi a cikinsu ba ya tsallaka zobe, don ba mahaukaci ba ne.

Wanda ke kawo kifin daga kasuwar Utaiƙa wani Bakabe ne daga Najeriya, direban motar sanyi, ɗan masunta tun kaka da kakanni. Ya girme ni da 'yan shekaru. Mu Katsinawan Maraɗi akwai wasa tsakaninmu da Kabawa, don haka tun ranar farko da ya ji inda na fito ya kafa mini ƙahon zuƙa.

“Kai bawana,” in ji shi, “kafin ka zo nan ka taɓa ganin ruwan da ya fi na randar gyatumarka?”

Na ce, “Na ga dai Bakabe yau, kuma tun kafin ka shigo hancina ya ba ni labari.”

“Wannan ƙarnin da kake ji shi ya gina gidan da za ka zo ka yi mini gadi.”

Haka muke kullum. In ya sauke kaya sai ya zauna a kan kwali, mu sha shayi, yana kallon tafkin. Shi kaɗai ne a cikinmu ba ya ce musu kifi. Ya ce a kogin garinsu akwai ayu, wanda ke fitowa ya shaƙi iska, yana kuma shayar da ɗansa, kuma tsofaffinsu ba sa lissafa shi cikin kifaye. “Duk abin da ke ɗago kai ya nemi iska,” in ji shi, “da ni da kai da shi, layinmu ɗaya.” Ni kuwa in yi dariya in ce Bakabe ya sami 'yan'uwansa.

Wata safiya na shigo da guga na tarar ruwan ya yi ja a gefe guda, Baturen yana tsaye yana ɗaga mini hannu kada in yi motsi. Macen ce ke haihuwa. Wutsiya ce ta fara fitowa. Da ɗan ya faɗo sai ta juya da sauri ta shiga ƙarƙashinsa, ta tura shi sama har ya buɗe 'yar ƙofar kansa ya ja iskar farko. Na sha ganin haihuwar shanu, na san yadda uwa ke yi a wannan lokacin, kuma abin da na gani ke nan, ba ragi. Da suka wuce kusa da ni na ga 'yan gashi tsilli-tsilli a gefen bakinsa. Da ya kai baki cikinta ya saki, na ga wani farin abu ya baje a ruwa kamar an ɗiga nono a ƙwarya.

Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzuri. Tun ranar na san ba kifi ba ce. Na san uwa ce mai shayarwa. Sanin da na yi ma shi ya ba ni dabarar da na cuce ta da ita.

Daga ranar ta daina kula usur. Ɗan yana manne da gefenta, suna zagaya tafkin, ba tsayawa. In an kaɗa mata kifi sai ta fizga a guje ta koma. Mazan biyu aka mayar da su wani ƙaramin kududdufi da ke bayan fage, wanda ƙofar ƙarfe mai raga ta raba shi da babban tafkin, aka rufe zauren aka ce ana gyara.

Sati uku da haihuwar sai ga hutun Sallah ya matso. Hoton macen ne a kan allon da ke bakin titi, ita ce ke tashi sama ta taɓa ƙwallon da aka rataye a rufi, mazan ba su iya ba. Mudir, wato shugaban wurin, wani gajere mai yawan turare, ya sauko da kansa bakin ruwa, abin da ba ya yi. Suka yi ta yi da Baturen, rabi Larabci rabi Turanci. Ina gefe ina goge ƙasar da na riga na goge. Abin da na tsinta shi ne Baturen yana cewa sai an ba ta watanni, mudir yana cewa Sallah ba ta jiran watanni. Baturen ya ce ko an hana ta abinci ba za ta rabu da ɗan ba. Mudir ya ce to a nemo abin da zai sa ta yi.

A nan ne na buɗe baki. Shekaru ina wurin mudir bai taɓa kallon fuskata ba, in zai kira ni sai dai ya kaɗa yatsa. Ina so ya kalle ni sau ɗaya. Iyakar dalilin ke nan. Ba a yi mini barazana da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ba, ba a ce za a kore ni ba. Kwaɗayin a san da ni ne kawai.

Da guntun Larabcina na ce masa a garinmu akwai abin da muke kira dangwali. Doguwar igiya ce mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta, a raba su da iyayensu. Saniya komai taurin kanta, in ɗanta yana dangwali ba ta nisa, kuma in lokacin tatsa ya yi da gudu take zuwa, ta tsaya a yi mata abin da ake so, don ta san sai an gama za a sake mata shi. Na nuna ƙofar ƙarfen. Na ce a fito da mazan, a sa ɗan a baya, a bar uwar a gaba tana ganinsa ta raga. In ta yi tsalle a buɗe mata. Ba za ta yi kwana biyu ba ta gane.

Mudir ya juyo ya dube ni tun daga silifas har hula. Sannan ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce wa Baturen, “Ka ji? Mai shara ya fi ka ilimi.”

Baturen ya yi ja, ya ce abin da haɗari. Sau ɗaya ya faɗa. Da mudir ya tambaye shi ko yana da wata dabarar, sai ya tsaya kallon usur ɗinsa. Mutumin da ke cewa iyalinsa ne. Washegari shi ya shiga ruwa da raga ya raba su.

Bakaben ya ji labari kafin ya gama sauke kwalaye. Bai zauna shan shayi ba, ya ja ni bayan mota.

“Bawana, gaskiya ne kai ka kawo wannan shawarar?”

Na ce, “Ni ne. Yau Bakabe zai koyi kiwo a wurin ubangidansa.”

“Bar wasa. Maraƙin da kuke ɗaurewa, in ya gaji me yake yi?”

“Ya kwanta mana.”

“A kan me?”

“A ƙasa. A kan me kake so ya kwanta, katifa?”

“To wannan a kan me zai kwanta?” Ya nuna zauren da haɓa. “Kai kullum kana wurin amma ba ka kallo. Ba ka ga ba ya rabuwa da gefenta ba? Ruwan da take turawa shi ke ɗauke da shi. Bai iya tsayawa ba, bai iya juyawa da kyau ba. Kuma maraƙinku yana cika ciki ya yi rabin yini. Wannan kurɓa ɗaya yake yi ya saki, an jima kaɗan ya koma. Ka raba su, ka hana shi hutu, ka hana shi nono. Je ka gaya wa gajeren nan ka yi kuskure.”

Na ce masa hassada ce. Na ce Bakabe ya ga Bakatsine zai ɗaukaka, cikinsa ya murɗa. Na faɗa cikin wasa, amma har zuciyata haka nake nufi. Ya dube ni ya ce, “Allah Ya sa ni ne ban sani ba.” Ya shiga mota.

Dabarar ta ci, kuma da ba ta ci ba da ya fi mini. Ranar farko ta yi ta dukan ƙofar da kai, tana wani irin kuka siriri mai shiga haƙori, ɗan yana amsa mata daga baya. Baturen ya busa usur, ya nuna ƙwallo. Ba ta kula ba. Ya sake, ya sake. Can sai ta yi wani ɗan tashi, ko rabin hanya ba ta kai ba, ya ɗaga mini hannu na ja sarƙa, ƙofa ta buɗe, ta shige kamar harsashi. Kafin azahar ta gane cinikin. Rana ta biyu usur ɗaya take jira.

Aka ba ni shuɗiyar riga mai hoton dulfin a ƙirji da takalman roba masu tsawo. Aka karɓe sandar goge ƙasa aka ba wani. Ni ne mai ƙofa. Na sa aka ɗauke ni hoto a bakin tafkin na aika gida, aka yi ta nuna wa maƙwabta.

Ranar Sallah zauren ya cika har matakala. Wasa uku a yini: hantsi, bayan azahar, bayan la'asar. Da farko minti kaɗan ake raba su. Sai mudir ya lura in ta daɗe ba ta tare da shi tsallen ya fi tsawo, ya ce a riƙa rufe ƙofar tun jama'a ba su fara shigowa ba, kuma kada a buɗe a tsakiyar wasa, sai an gama gaba ɗaya. Ni na riƙe sarƙar. Daga inda nake tsaye ina ganin duka biyun: babban tafki da fitilu da kiɗa a dama, kududdufin baya a hagu, inda ɗan ke ta zagaye shi kaɗai, yana karo da bango, ya juya ya karo da wancan.

Ita kuwa ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba. Tana nutsewa har ƙasa ta taso ta bugi ƙwallon nan har ya daki rufi. Tana faɗowa ba ta zuwa wurin bokiti, sai ta miƙe zuwa ƙofa ta sa baki a raga. Baturen ya sake busawa, ta koma.

Ban taɓa raina taron mutane kamar yadda nake raina wannan taron in na tuna shi ba. Manyan mutane da gemu, mata da jakunkuna masu tsada, kowa ya ɗaga waya sama, ba ma da idonsa yake kallo ba. Bakinsu cike da gugguru. Kukan da take yi yana fita har ta cikin kiɗan, sai mai lasifika ya ce, “Kun ji? Tana yi muku barka da Sallah!” Zaure ya ɗauki tafi. Akwai matan da ke rungume da jarirai a cikinsu, suna jijjiga nasu suna dariya. Ko ɗaya ba ta tambayi abin da ke bayan ƙofar da dabbar nan ke komawa ba. Sun biya kuɗin shiga don a nuna musu murna, an nuna musu, sun koma gida. Har wani ɗan garinmu da ke yi wa wani gida tuƙi a unguwar Malaz ya kawo 'ya'yan maigidansa, ya hango ni, ya ɗaga murya, “Ɗan'uwa, ashe ka zama babban mutum!” Na ɗaga masa hannu ina washe baki. In na raina su, to ni ina ƙasa da su, don su ba su ga hagu ba, ni na gani.

Rana ta uku ta Sallah bakin ɗan ya sassale, fatar ta yi fari-fari da jini. Rana ta huɗu in an buɗe ƙofa ya kai baki cikinta sai ya kasa kamawa. Ya fara karkata gefe guda in yana iyo. Na gani. Na san yadda maraƙi ke yi in ya fara sallamawa, ba sai an gaya mini ba. Na gaya wa Baturen a hankali, ya ce ya ba shi magani. Ban je wurin mudir ba. Na ji tsoron a ce dabarar mai shara ta lalace, a karɓe rigar.

Rana ta biyar, a wasan bayan azahar, ina riƙe da sarƙa na ga ya daina zagaye. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗago sau ɗaya, ƙofar kansa ta buɗe, sannan ya fara yin ƙasa a hankali. Saura tsalle biyu a gama. Sarƙar tana hannuna, ba kwaɗo, ba mabuɗi, ja ɗaya ne. Na kalli mudir a kujerar gaba tare da baƙinsa. Na jira aka gama tsalle biyun.

Da na buɗe ta shige ta ɗauko shi daga ƙasa, ta turo shi sama kamar ranar da ta haife shi. Ya zame. Ta sake ɗaukowa. Jama'a suna fita ana sayar musu da 'yar tsanar dulfin a bakin ƙofa.

Kwana uku tana haka. Ta ɗora shi a goshi tana zagaya kududdufin, in ya faɗi ta nutse ta ɗauko. Ba ta ci ba. Ba a rufe zauren ba, don akwai sauran hutu. Aka rataya shuɗin tamfol a kan ragar, mazan biyu suka riƙa yin abin da suka iya, aka ƙara ƙarar kiɗa. Mudir bai ma yi fushi da ni ba. Na ji yana gaya wa wani a waya cewa ƙananan dama ba su cika rayuwa ba.

Rana ta uku gawar ta fara lalacewa, aka ce a cire. Baturen ya ce shi ba zai iya ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Zuciyarsa! Aka miƙo mini doguwar sanda mai raga. Na tsaya a bakin ruwa ina jira ya zame daga kanta, ya zame, na riga ta. Ta biyo sandar har ta fito da rabin jikinta kan siminti, kusa da takalmana. Tana iya kama ƙafata ta karya, ba ta yi ba. Ta dai juya kai ta dube ni da ido ɗaya, da bakin nan nata mai murmushi.

An ce a jefa shi cikin kwandon shara tare da kan kifi. Bakaben ya ce a ba shi. Muka naɗe shi a buhun gishiri, muka sa a motar sanyi, ya tuƙa muka yi nisa da gari, muka sauka daga titi. Rana tana tsaka. Shi ya yi haƙan, ni na riƙe buhun. Bai fi nauyin ɗan akuya babba ba. Muka rufe, Bakaben ya ɗora duwatsu don karnuka. Muka kamo hanya muka dawo. Da zan sauka na yi ƙarfin hali na ce, “To, Bakabe ya yi jana'izar ɗan'uwansa.” Ina so ya zage ni, ko da wasa ko da gaske.

Ya ce, “Sauka lafiya, Malam.”

Malam. Daga ranar bai sake ce mini bawansa ba. In ya kawo kifi sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya miƙa mini kwalaye, ya tafi. Abokin wasa ya koma yi maka ladabi, wanda ya fito daga wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Har ya bar ƙasar ba mu sake shan shayi tare ba.

Uwar ta koma aiki bayan wasu makonni, ta hanyar da aka saba, wato bokiti. Amma ba ta manta cinikin da na koya mata ba. Duk lokacin da ta taɓa ƙwallo ta faɗo, sai ta miƙe zuwa ƙofar ta sa baki a raga ta jira. In ba a buɗe ba ba ta komawa wasa. Sai aka ce in riƙa buɗewa. In ja sarƙa, ta shiga, ta zagaya kududdufin da babu kowa sau ɗaya, ta fito. Mai lasifika ya samo wa wannan ma magana, yana cewa ta shiga gyara kwalliya. Ana dariya. In ba wasa kuma tana nan a bakin ragar tana gurgurar ƙarfe, har haƙoranta na gaba suka cinye.

Zan so in ce na ajiye rigar na tafi. Ban tafi ba. Na ƙara shekaru a wurin ina jan sarƙar nan sau uku a yini, ina cin abinci, ina aika hotuna. Da wurin ya canja hannu aka zo da wata babbar mota, aka ɗaga su da majanyi ɗaya bayan ɗaya, aka shafe su da mai, aka tafi da su. Na tambayi inda za a kai su, aka ce wani wurin wasan. Ban san ko tana raye ba. In tana raye, na san inda take tsayawa.

Yanzu gwiwoyina sun ƙi, ina gadin wani gini, ina shirin komawa gida gaba ɗaya. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne kwanan baya 'yata ta kira ni ta ce hoton nan nawa mai shuɗiyar riga har yanzu yana rataye a ɗakin mahaifiyarta, jikokina suna nuna wa baƙi suna cewa kakansu ne mai wasa da kifi. Na ce ta sauke shi. Ta tambayi dalili, na kasa faɗa a waya.

Ga dalilin nan na faɗa. Ku da kuke nan ƙasar, da ku da za ku zo, ina roƙonku abu biyu. In an ce ku kai yara kallon irin wannan wasa, naku ko na iyayen gidanku, in kuna da ikon ƙi ku ƙi, in ba ku da shi to kada ku tafa, kuma ku gaya wa yaran cewa bakin nan haka aka halicce shi. Sannan abin da iyayenku suka koya muku na sanin halin dabba, sun koya muku ne don ku kiwata ta. Kada ku ɗauke shi ku miƙa wa wanda zai dafa muku kafaɗa. Ni na yi, kada ku yi.